Noti Na Arba'in

Kafin rana ta taɓa jajayen rufin Porto
Graciete ta shimfiɗa tsumma a gindin gada:
sufana uku, guduma, filaya mai jan hannu,
noti arba'in, kowane kamar ƙwan tattabara.
Ta ƙirga a fili. Ta sa na maimaita.
Ta ce, abin da ya hau da lissafi
da lissafi zai sauko.

Kowane ƙarfe da wutsiyarsa.
Igiya a gindin guduma, ƙugiya a ɗamarata,
sufana tana reto a ƙuguna
kamar akuyar da ta san iyakar turkenta.
Na kai hannu aljihu. Ta ja tsaki.
Aljihu baki ne marar leɓe, Baltazar,
kana sunkuyawa zai amayar.

Tsani kuwa hannu biyu yake so,
ba ya yarda a raba masa da guduma.
Muka hau da tafuka wayam,
jaka ta biyo baya a igiya, bakinta a tsuke,
tana ɗan bugun ƙarfe kamar mai sallama.

Daga can sama kogin Douro ɗan kwali ne da aka shanya.
Mutane ƙwayar gero.
Hayaƙin kifin da tsoho Albino ke gasawa
yana hawowa har hancina,
shi kaɗai ne daga ƙasa bai buƙaci tsani ba.

Wajen sha ɗaya sanyin teku ya cinye min yatsu.
Na gaji da buɗe jaka, rufe jaka, buɗe jaka.
Na ciro noti biyu a tare.
Ɗaya na ɗaura,
ɗaya na ajiye a kan ƙarfe, nan kusa da gwiwata.
Minti ɗaya ne kawai, na ce wa kaina.

Sai jirgin ƙasa ya bi ta kanmu.
Gada ta yi gyaran murya.
Notin ya juya sau ɗaya, a hankali,
kamar mai barci da ya sauya gefe,
sai wurin ya zama fenti kawai.

Graciete ta kurma ihu, a kauce!
Iska ta kwashe rabin maganar.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku.
Ban taɓa sanin uku tana da nisa haka ba.

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Ta nuna ƙasa da haɓa, ta ce, je ka ɗauko.

Rumfar Albino ta sami sabuwar taga,
rana na zubowa ta ciki kamar sanda.
Faranti ya rabe biyu a kan tebur,
kifi a nan, burodi a can.
Kujerar ƙarama ce, an ɗora mata matashi.
Mai ita, jikarsa Leonor,
ta tashi korar tattabara
tana can bakin ruwa tana dariya, cokali a hannu.

Tsohon ya goge notin da gefen rigarsa.
Ya daɗe yana juya shi.
Naka ne? Iyakar abin da ya ce ke nan.
Da ya sa min a tafi, da sauran ɗuminsa.

Na ɗaga kai.
Daga nan ƙasa gada ba ta da kyau ko kaɗan:
baƙin rufi ne, cike da hannuwan mutanen
da ba ka sani ba.

Da yamma muka sake shimfiɗa tsumma.
Sufana uku. Guduma. Filaya.
Talatin da tara suna sama, sun kama ƙarfe.
Na arba'in fa? in ji ta.
Na buɗe wuyan riga:
na zura masa igiya, na yi ƙulli biyu.

Shekara shida ke nan.
Bai kai nauyin ƙwai ba,
amma duk safiya, a matakin farko,
shi ke fara jan wuyana ƙasa
in duba wa ke zaune a can.