Wasiƙu Biyu a Lincoln

Rana ɗaya suka iso,
Mama ta jera su a gefen butar shayi.
Ɗaya daga jami'ar Leeds, da tambari da taya murna,
ɗaya daga masassaƙan dutse na babban cocin garinmu,
layi huɗu kacal: ki zo Litinin, ƙarfe bakwai,
da takalmi mai bakin ƙarfe.

Shekara ashirin da shida Mama na koyar da lissafi,
don haka ta juya bayan ambulan, ta zaro biro.
Nan bashin shekara uku, ta ja masa layi biyu.
Nan albashin 'yar koyo, fam ɗari biyu da tamanin a mako,
abin da ba ya kashe wutar gaba, balle ta baya.
Lissafin ya ba ni gaskiya, fuskarta ta hana ni.
"Duk makin nan," in ji ta, "dutse za ki kai wa?"

Tsoho Maltby bai tambayi makina ba.
Tafin hannuna ya juya, kamar mai duba jabun kuɗi,
ya ce, "Laushi. Zai wuce."
Wata uku ko ganye ɗaya ban sassaƙa ba,
sai daidaita fuskar farin dutse guda.
In kawo, ya ɗora ma'auni, haske ya leƙo ta ƙasa,
ya miƙo min kurfi, bakinsa a rufe.
Ranar Alhamis kuma aji, zane da auna kusurwa.
Ashe lissafin Mama ya riga ni isowa.

Corinne na aiko hotuna daga Leeds,
laburare mai ɗumi, ƙawaye, dare mai fitilu.
Ba na ɓoye ba, akwai safiyar Janairu
da yatsuna suka ƙi riƙe guduma don sanyi,
na zaga bayan rumfa na sha kukana,
ina ce wa kaina, wa ya aike ki?

Da albashin farko na sayi safar hannu,
na biya kuɗin wutar gida.
Mama ta ninke rasit ɗin, ta sa a jaka. Shiru.

Bana aka hau da dutsena,
can ƙololuwa ta arewa, inda sai tattabaru ke gani.
Wanda muka cire, wani ne ya sare shi
tun shekaru ɗari bakwai,
ya bar shaidarsa a baya, 'yar kibiya.
Na sa yatsa a cikinta.
Ko shi ma an yi masa faɗa a gida?

Lahadin nan na hango Mama a farfajiya,
ta tare wasu baƙi masu kyamara,
tana nuna sama da tsinin laimarta,
tana cewa, "Wancan, aikin 'yata ne."
Ba ma gefen da dutsen yake ba ne.
Ban gyara mata ba.