Iska a Bututu

Tun asuba tukunyar injin Jega ke ruri,
ɓuntu na ci a cikinta ja wur,
amma fankar ɗakin busarwa
sanyi kawai take hurawa
kan buhu arba'in na jiƙaƙƙiyar shinkafa.

Alhaji Bagudu ya ce famfo ne ya mutu,
a aika Birnin Kebbi a sayo sabo.
Labbo bai tanka ba.
Ya tura hula ƙeya, ya ɗora bayan hannu a bututu,
yana bi taƙi-taƙi
kamar mai ɗori na laluben karaya.
Nan zafi. Nan ma zafi.
Nan, bayan gwiwar ƙarfe, sanyi kamar gindin randa.

Ya kara sukudireba a jikin famfo,
ya sa kunne a ƙotarta.
Yana juyi, lafiyarsa lau,
ruwan ne ya ƙi wucewa.

"Nomau, miƙo ƙaramar sufana."
Ya sassauta wani ɗan noti can sama.
Sai tsaki, dogon tsaki,
irin na tsohuwar da aka tasa daga barci,
sannan tofi,
sannan jan ruwa mai tsatsa
ya wanke masa gaban riga.

Allurar ma'auni ta ɗaga kai.
Kafin la'asar ɗakin ya ɗau ƙamshin gumi.

"Me ya lalace?" in ji Alhaji.
"Ba komai. Iska ce ta shige ta zauna."
Alhaji ya ja da baya yana a'uziyya.
Nomau ya duƙa kan akwatin kayan aiki,
kafaɗunsa na rawa.