Kabad a Bangon Baba

Zabeiru ya iso da hantsi,
alluna ɗaure a amalanken jaki,
fensir a bayan kunne,
yaronsa Laminu na biye da gwangwanin ƙusoshi
yana ɓarar gyaɗa.

Tun kasuwar Dole muke jan kuɗin aiki,
har ƙofar gida a Garin Malam ba mu daidaita ba.
Jika tamanin, in ji shi. Na ce saba'in.
Fassuma ta leƙo daga madafa:
"Ku ƙare cinikin nan, wake na kan wuta."

Ya ɗora nibo a bango.
'Yar kumfar nan ta cikin kwalba
ta gudu gefe, ta lafe, ta ƙi tsakiya.
"Malam, bangonka ya karkace."
Na ce ba nawa ba ne, na Baba ne.
Da hannu ya ɗora shi, da ido ya auna,
laka daga kududdufin bayan dutse,
siminti sai daga baya, shafe kawai.
Shekara hamsin da biyu yana tsaye,
ba wanda ya taɓa faɗa masa magana
sai yau, 'yar kumfa.

Injin huda ya yi kuka sau biyu,
aka ɗauke wuta.
Muka koma gindin bedi.
Laminu ya hura gawayi, ya ɗora shayi,
na fari mai ɗaci, na biyu da dama,
ana zuba na uku fanka ta motsa a ɗaki.

Bakin injin ya ci siminti,
ya faɗa laka kamar ƙafa a rami,
jan gari na zuba kan takalmina.
Ƙusa ta shiga, ta fito, ba abin da ya riƙe ta.
Zabeiru bai ce uffan ba.
Ya zaro guntun ƙirya, ya fiƙe da wuƙa,
ya buga a ramin har ya nutse.
"Laka ba ta san ƙarfe ba," ya ce,
"sai ka haɗa su da wanda ta sani."
Inda bango ya ja ciki
ya cusa yankin tsohon silifa.
Ƙasan katakon ya sha baƙin mai,
don gara ma tana sauraro.

La'asar, Fassuma ta hau jera kaya:
daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji a kwalbar kofi,
kwanukan da ba a fiddawa sai da baƙi.
Tukunyar Inna ce ta ƙi shiga,
wadda ta dafa tuwon sunan mu tara.
Yatsa biyu kacal ta fi ƙofar.
Aka juya ta, aka kwantar, aka roƙe ta.
Tana nan ƙasa inda take tun da.

Na makewayi ƙarami ne, ƙarƙashin famfo,
da madubi a samansa.
Zabeiru ya yi masa hawa biyu, na sabulu da na soso.
Na murɗa famfo, ya yi tari, ya yi shiru.
Ruwan unguwarmu sai ukun dare, in ya ga dama.
Muka dubi juna.
Ya cire allon tsakiya da hannunsa,
jarka ta shige daidai, kamar don ita aka yi.

Na ɗaga kai, ga madubi,
ga goshin Baba, ga furfurarsa a haɓata.

Saba'in da biyar muka rabu, da kwanon wake.

Yanzu in dare ya yi tsaka
ƙofar hagu takan buɗe da kanta, a hankali,
tana bin inda bangon ya karkata.
Daren farko sau uku na tashi na rufe.
Fassuma ta ce a kira Zabeiru ya ƙara mata maƙalli.
Na ce to.
Wata biyu ke nan, ban kira shi ba.