Haƙoran Mota

Ubana, a karar shanu ta Maigatari,
ba ya taya sa sai ya buɗe bakinsa,
ya ƙirga haƙora, ya shafa tozo,
ya ja da baya kamar bai ga abin so ba.
Yau ga ni a Bradford,
a filin motoci bayan tsohuwar masaƙa,
yayyafi na jiƙa min hula,
ina neman bakin mota in duba haƙoranta.

Baƙa ce, mai faɗin ƙirji, jif ta manya,
shekararta takwas,
ta ci mil dubu saba'in da ɗaya.
An goge ta har ina ganin furfurata a jikin ƙofa.

Dillalin, Declan, ya miƙo hannu mai sanyi.
Wai hannu ɗaya ta sani tun tana sabuwa,
wata likita, ba ta wuce Harrogate da ita.
Na yi murmushi.
Ko a Maigatari, kowace saniya
ta wata tsohuwa ce mai tattali.

Na taya. Na jira ya ce albarka.
Nan ba a cewa albarka.
Sai a shige ɗakin gilashi wai za a ga manaja,
a bar ka da shayi a kofin takarda
har ya huce.
Ya fito da rangwamen fam ɗari uku
da takardar biya wata-wata, ruwa kaɗan a kai.
Na ce ruwan da ke zuba a waje ya ishe ni.

Kuɗina kwasar adashi ne, mu goma sha biyu,
da shekara shida ta aikin dare a gidan tsofaffi,
ina juya iyayen wasu, ina canza zanen gado
kafin asuba ta karya.

Kubura, 'yata, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar kwalta,
tana haska ƙarƙashi da fitilar waya.
Ta miƙe ta karanto tarihi:
Baba, sau biyu ta faɗi gwaji. Birki ne.
Declan ya yi tari.
Ashe jinin kara bai ɓace ba,
tsallake ni ya yi.

Muka fita gwaji ta hanyar Shipley.
Kujerar ta ɗau ɗumi da kanta,
ta dafa ƙuguna daidai inda yake sara.
Zan yi ƙarya in na ce ban hango kaina ba
ina saukowa a ƙofar masallaci ran Juma'a,
Tsalha na leƙowa daga akwalarsa.

A aljihun gaba na tsinci safar hannun yaro,
ja, wari ɗaya,
da tikitin fakin asibiti guda tara,
duk na wata ɗaya, duk na dare.
Likita ba ta yankar tikitin masu jinya.
Wani ya zauna a nan, inji a kashe,
ya riƙe wannan sitiyari yana jiran labari.
Da ubana ne, da ya rage fam dubu da wannan ƙaryar.
Ni na mayar da su, na rufe aljihun a hankali.

Na sa hannu wuri biyar.
Declan ya ba ni makulli mai nauyin ƙwai,
ya ɗauke mu hoto, Kubura na dariya,
ni ina lissafin inshora a zuci.

Layinmu ya yi mata kaɗan.
Sau uku na zagaya,
na aje ta can bayan shagon mai kifi,
muka tako gida cikin ruwa,
ina waiwaye kamar na ɗaure doki a garin da ban sani ba.

Da tsoho na raye, da ya saurara har ƙarshe,
ya gutsuri goro,
ya ce: Allah ya sa alheri.
To, tana haihuwa?