Gwangwanin Madara

Ran Talata na ɗaga katifarsa.
Na tsince su ɗaya-ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a wake:
kati ɗari uku da sha ɗaya,
kowanne da ramuka goma a fafe.
Na danna su a gwangwanin madara, na ɗaure bakin da leda.

Buhun sukari ne mafari.
A Singa, kan tirela, ana yayyafi,
ƙafa ta zame, ƙugu ya ce ƙas.
Nafi'u bai yi kuka ba, kuɗin rabin lodi ya tambaya.
Tasi'u mai kemis, wanda sahunmu ɗaya da asuba,
ya ce haɗiyi guda, gobe ka koma dako.
Ya koma. Inda yake ɗaukar ɗaya ya ɗauki biyu,
har kirari 'yan lodi suka yi masa.

Guda ta haifi biyu, biyu suka haifi kati.
Kan keken ɗinkina ya yi ƙafa ya bar shago,
shekara talatin ina taka shi a Fagge.
Ban tambaya ba. Na san wanda ya haɗiye shi.

Barista Murjanatu, hawa na biyu a titin Gidan Zu,
ta zazzage gwangwanin a kan tebur,
ta kai kati ɗaya kusa da tabarau.
Baba, wa za mu kira?
Sunan kamfanin ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta,
garinsu sai an ƙetare teku,
tsakaninku da su akwai jirgi, akwai kwantena,
akwai hannun da ya buga hatimi yana kallon gefe,
akwai dila, akwai Tasi'u.
Na ce Tasi'u hayar shago yake nema.
Ni mai rijiyar nake so, ba mai guga ba.

Ɗayyabu maƙwabcina ya ce in bar wahala:
ba a kai maƙeri gaban alƙali don wuƙa ta yi yanka.
Na ce haka ne, Ɗayyabu,
amma wuƙa ba ta tashin mai ita da tsakar dare
tana kiran sunansa daga cikin ƙashi.
Kuma maƙerin da unguwar gida ɗari
ta aiko masa sayen wuƙa dubu hamsin,
ya ƙirga kuɗi, ya hura wuta, bai ce me ake yankawa ba,
wannan yana da magana a bakinsa.

Sai dai ban ɓoye wa Barista ba:
lokacin da daji ya ci Saude, uwarsa,
'yar uwar wannan ƙwayar ce ta ba ta barci.
Dare goma sha tara na ƙarshe, ba ta ciji matashi ba.
Na sa wa wanda ya haɗa ta albarka, da bakin nan.
To yanzu da wane baki zan tsine?
Ba rufe ƙofarsu nake nema ba.
So nake a zaunar da su a benci,
a miƙa musu gwangwanin nan,
su ƙirga ramukan da yatsa, da ƙarfi, kowa na ji,
sannan su faɗi nawa suka ci a kowane rami.

Ta ce shari'ar za ta iya cin shekara goma.
Na ce ni tela ne, na saba da zare mai tsawo.
Ta ce ta yiwu mu faɗi.
Na ce a dai rubuta cewa an tambaya.

Na fito na tari adaidaita zuwa Dawanau.
Yau ranar ziyara ce, na riƙo masa fura.
Hannunsa na rawa, ni nake riƙe masa ludayi.
Duk ramin da muka faɗa a hanya
gwangwanin sai ya yi magana a cinyata.
Direba ya waigo: Baba, kuɗi ne?
Na ce ƙwarai, na wasu ne.