Ƙarshen Benci

Ni ne mai tsumma.
In dogaye suka zube, suka bar gumi a kan katako,
ni ke rugawa in goge kafin alƙali ya busa usur.
Shekara tara ke nan a zauren Surulere.
In na ce na san Sallau, to na san shi:
taku biyu ne tsakanin kujerata da tasa.

Lamba goma sha bakwai,
can ƙarshen benci, inda iskar fanka ba ta kaiwa,
gwiwoyi har haɓa, kamar tsanin da aka naɗe aka jingine.
Lissafinsa a kaina yake:
minti huɗu ran Juma'a, ran Lahadi babu,
wani makon ko rigar sama bai tuɓe ba.

An ce dogo da hankali dace ne.
Mu mun dace, ba mu sani ba.
Akwai ɗan littafi da yake cusawa a safa:
wane hagu yake bi in ya gaji,
wane sai ya lashi leɓe kafin ya yi jifa.
Da an tafi hutun rabi sai ya raɗa wa yaran da jarida ta sani,
su shiga su aikata, a tafa musu.
Shi ma ya tafa,
tafinsa ma kan riga na kowa.

Ba zan rufe aibinsa ba.
Ƙwallo a hannu, kwando a buɗe,
sai ya waiga neman wanda zai miƙa wa,
kamar baƙon da ke kunyar fara sa hannu a akushi.
Koci ya yi ta ihu, jefa, jefa, har murya ta dushe.
Kunya ado ce a gidan surukai.
A nan maki biyu ne suka tafi.

Ran Talata aka yi furfure da shi,
shi da 'yan canji a kai,
aka karɓo wani ɗan shekara sha tara mai tsalle kamar fara.
A waya ya ji, yana layin danfo a Ojuelegba,
kwandasta na jan rigarsa.
Ya zo ya kwashi takalma ƙafa biyu da robar ƙanƙarar gwiwa,
ya biya Iya Risi bashin shinkafa har da na wani,
ya miƙo mini tawul ɗinsa:
Baba Ilu, riƙe, ya fi tsummanka shan ruwa.
Shi ke nan sallamar.

Yanzu Ikorodu.
Na ji 'yan wasansu na bin albashin wata biyu,
rufin zauren na yoyo daidai layin jifa.
Amma dogonsu ya gurɗe a idon sawu,
bencinsu kuma gajere ne,
ba shi da ƙarshen da mutum zai ɓuya.
Minti goma sha biyu, in ji masu cewa.
Shekararsa ashirin da tara,
gwiwar hagu na jin hadari tun bai baro teku ba.
Wasu sun ce kaka ɗaya, in ta yi albarka biyu,
daga nan sai rumfar tumatirin wansa a Mil Sha Biyu,
inda kwando ba ya jiran a jefa masa komai.
Wasu sun ce littafin nan na safa
shi zai mai da shi koci wata rana.
Ni gaibu ba gonata ba ce, gumi na sani.

Na dai duba takardar da aka liƙa a ƙofa:
ran tara ga watan gobe za su zo mana.
Zan goge ƙarƙashin kwandonsu sau biyu,
kada santsi ya zame masa hujja.
In ƙwallo ta same shi a buɗe, ya fara waige,
ni da ba a taɓa jin muryata a zauren nan ba,
albashin wannan gida a aljihuna,
ban san abin da bakina zai yi ba.