Tanda Mai Wuta Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Gawon Nama.
Gari ya kwanta, zafi bai kwanta ba.
Daga ni sai Modi, sai fanka mai ƙugi,
sai baƙar na'ura cikin kejin ƙarfe
tana ƙyafta mana koren ido.

Bara injina bakwai ne a ɗakin nan,
kowa da wayarsa, kowa da cin wutarsa:
na albashi, na rajistar ɗalibai,
da wani da aka manta aikinsa,
tsoron kashe shi kawai ake yi.
Bana na kwashe su, na zuba a ciki ɗaya,
kowane aiki da kwantenarsa.

Modi ya ce, "Oga, mi ka hana su faɗa?
Bakwai a ɗaki guda, ba mai taka wani?"

Na ce, ka taɓa tsayawa gaban tandar masa?

Goggo Tumba, a bakin Ƙofar Rini,
tun kafin ladan ya gyara murya
ta hura itace, ta shafe gurabu da mai.
"Wuta guda ta," in ji ta, "ƙullu guda na,
amma kowace masa da ɗakinta."
In ɗaya ta ƙone, ba a zubar da tanda,
tsinke ta sa ta ƙwaƙule ta,
ta cika gurbin kafin ka ce kwabo.

To ita ce wannan, Modi.
Zuciyar injin wuta ce, ta kowa ce.
Bango ne muke ja tsakanin maƙwabta,
mu auna wa kowa rabonsa na ƙwaƙwalwa
kada mai haɗama ya lashe na saura.

Ƙullun kuwa ba da hannu nake dama shi ba.
Na rubuta shi layi-layi:
ɗauko tushe kaza, zuba wannan, cire wancan,
kulle ƙofofin da ba a bi,
gwada, sake gwadawa, sannan ka buga hatimi.
Kullum dare ya raba, shi ke tashi da kansa,
ya gina tsarin tun daga harsashi,
ya kumbura kamar an sa masa yis,
ni kuwa ina gida ina minshari.

Sai daren jiya.
Ja ya fito inda kore ya saba.
Layi na ɗari da sha huɗu ya ƙi.
Mun sha shayi kofi uku-uku muna lalube,
na zargi intanet, na zargi batirin sola,
har na fara zargin Modi a zuci.
Ashe ɗan fili ne, faɗin ƙwayar gero,
ni na bar shi a farkon layi
ranar Talata, ina sauri in tafi suna.
Shi ya gano. Bai ce komai ba.
Ya juyo min allon, ya ci gaba da kurɓa.

Yanzu ga shi yana tafiya.
Kwantena ta uku ta faɗi, wata ta miƙe
da sunanta, da kamanninta, da aikinta,
ba zaman makoki, ba sadakar uku.

Nan ne kullum nake yin shiru.

Goggo ba ta rubuta komai ba.
Ma'auninta yana tafin hannunta:
yawan kanwa, daɗewar jiƙon shinkafa,
lokacin da ake juyawa.
Da shi ta tafi, shekara tara ke nan.
'Ya'yanta sun gaji tandar,
masar ce ba ta dawo ba.

Kore ya cika allo.
Can wajen Mabera an fara kiran assalatu.
Modi ya ɗauki buta.
Ni na zauna, na ƙara layi ɗaya a sama
don wanda zai zo bayana:
ga dalilin da ya sa aka yi haka.